Ƙungiyar masu sana'a da neman aiki ma masu rauni



Hirarmu ta yau bisa neman aiki take. Kun san akwai mutanen da, in sun je neman aiki, tun daga bakin ƙofa ake sallamarsu. Akwai makaho, da gurgu, da kurma. Akwai wanda kuturta ta taɓa, ya sha magani ya warke, amma yatsu sun tafi. Akwai mai farfaɗiya. Akwai macen da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya. Akwai saurayin da ya bar lakwal ba takarda, da wanda ya komo daga Libiya ko Aljeriya hannu wofi, da wanda ya fito daga gidan kaso. A jihar Maraɗi, tun shekarar 2019, akwai kuma ƴan gudun hijira da sunka ƙetaro daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sabili da ƴan bindiga. Dukansu, cikin wagga hira, za mu kira su masu rauni.

Ba kaɗan ba ne. Lokacin ƙidayar jama'a ta 2012, mutanen Nijar sun haura miliyan 17. Cikinsu an lissafa naƙasassu sama da 700.000. Wato cikin kowane mutum 100, mutum 4 naƙasassu ne, har da ɗan ɗori. Naƙasassu kaɗai ke nan, ba a sa sauran da munka ambata ba.

Mi doka ta ce?

Ran 2 ga watan Maris 1993 anka yi wata doka. Ta ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikaci 20 ko fiye, ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa, ta ware ma naƙasassu kashi 5 cikin 100 na wuraren aikinta. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya bisa haƙƙin naƙasassu. Dokar aiki ta 2012 ta maimaita wanga kashi 5 cikin 100. A 2019 anka sake yin wata doka dominsu.

To, ɗauki alli mu yi lissafi tare. Kashi 5 cikin 100, shi ne 1 cikin 20. Kampani mai ma'aikaci 100, wuri 5 ke nan. Mai ma'aikaci 20, wuri guda. Yanzu duba kasuwar garinku. Tela nawa ke da ma'aikaci 20? Mai walda nawa? Mai gyaran babur nawa? Yawancinsu, mutum ne da yaranshi 2 ko 3. Kashi 5 cikin 100 na mutum 3 bai kai mutum guda ba, ko kusa. Alhali kuwa a ƙasarmu, in ka fidda noma da kiwo, yawancin aiki cikin irin waɗanga ƙananan wurare yake. Manyan kampanoni ba su da yawa. Doka tana da kyau, amma hannunta bai kai rumfar kasuwa ba. Abin da ke iya kaiwa can, ƙungiyar masu sana'a ce.

Mine ne aiki da rakiya?

Akwai hanya biyu ta taimakon mai rauni waɗanda kowa ya sani. Ta farko sadaka ce. Sadaka tana kashe yunwar yau, amma gobe ma sai mutum ya komo. Ta biyu, a tara naƙasassu wuri guda, a koya musu ɗinki wata 6, a yi biki, a ba kowa keken ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Kun sha ganin haka. Bayan wata 3, je ka tambayi keke. Sau da yawa an saida shi. Kada ka yi saurin zagin mai keke. Keke anka ba shi, ba a ba shi masu kawo ɗinki ba. Ba shi da rumfa. Ba shi da kuɗɗin zare. In wuyan riga ya karkace, ba wanda zai nuna mashi inda ya ɓata.

Akwai hanya ta uku. Daga Amurka ta fara. A da, can, ana tara masu raunin ƙwaƙwalwa cikin wasu gidajen aiki, su kaɗai, ana cewa shirya su ake yi kafin su shiga cikin mutane. Wasu sun yi shekara da shekaru ana shirya su, ba su fita ba. Sai wasu malamai sunka juya abin. Sunka ce a fara sama ma mutum aiki tukuna, cikin sauran ma'aikata, da albashi kamar na kowa. Sa'an nan a haɗa shi da wani mutum wanda zai tsaya kusa da shi, shi koya mashi aikin nan inda ake yin shi. In hannunshi ya faɗa, mai rakiya shi ja baya kaɗan-kaɗan. Amma ba shi ɓacewa. Ranar da wata damuwa ta taso, ana kiran shi. A 1986 Amurka ta sa wagga hanya cikin dokarta. Faransa ta sa ta cikin tata a 2016. Mu, da Hausa, sai mu ce aiki da rakiya.

An gwada hanyar an gani. A 2007 likitoci sunka bayyana sakamakon wani gwaji da anka yi cikin ƙasashe 6 na Turai. Mutum 312 ne, dukansu masu ciwon taɓin hankali mai tsanani. Anka raba su kashi biyu. Kashi guda anka bi da su tsohuwar hanya, horo tukuna, aiki daga baya. Kashi guda anka kai su wurin aiki da rakiya. Anka bi su wata 18. Cikin ƴan tsohuwar hanya, 28 bisa 100 sunka samu aiki. Cikin ƴan rakiya, 55 bisa 100. Kusan ninki biyu ke nan. Kuma ƴan rakiya sun fi ƙarancin komawa asibiti. Masu tsoron cewa aiki zai tada musu ciwo, gwajin bai ba su gaskiya ba.

Mi ya sa mai gida ke ƙi?

Kada mu ɗauka duk mai sana'ar da ya ƙi ɗaukar mai rauni mugu ne. Zauna da shi, ka ji abin da ke cikinshi. Zai ce maka: «In ya ɓata shaddar mutane, wa zai biya? In bai zo ba daren salla, ga ɗinki tuli? Kurma, da wane baki zan yi mashi magana? Ni ban da lokacin tsayawa bisa kan mutum, ni ma abincin ɗiyana nike nema.» In kun daɗe kuna hira, zai faɗi babbar: «In na ga ba shi iyawa, da wane ido zan sallame shi? Gari duka za a ce na kori miskini.»

Wagga ta ƙarshe, a ganina, ita ce ta fi rufe ƙofa. Mutum shina gudun ranar kora, shi ya sa ba shi ɗauka tun farko. Ya gwammace shi ba da dala biyar sadaka shi huta. Kuma duk waɗanga tsorace-tsorace, in ka duba, tsoron mutum guda ne wanda ke tsaye shi kaɗai. Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Kayan da sunka fi ƙarfin tela guda, teloli 30 suna ɗaukarsu.

Yadda masu kampanoni sunka yi a Faransa

Ga misali na gaskiya. A 1985 anka yi doka a Faransa, wadda ta yarda ƙananan masu sana'a su haɗu su kafa ƙungiya, ƙungiyar ta ɗauki ma'aikaci, shi riƙa yi musu aiki su duka. A 1991, cikin jihar Dordonyi, kudu maso yammacin ƙasar, anka kafa irin wagga ƙungiya musamman domin masu wuyar samun aiki. Dalili a fili yake. Masu kampanoni suna kukan rashin gwanaye, ga kuma mutane zaune ba aiki. Ana rubuta sunan waɗanga ƙungiyoyi GEIQ, ana faɗin shi «Jek».

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙungiya ita ke ɗaukar ma'aikaci. Sunanta ke bisa takardar aiki, ita ke biyan albashi ƙarshen wata. Wajen zaɓe ba takardar lakwal take bi ba, niyyar mutum take dubawa. Tana ɗaukar samari marasa sana'a, da waɗanda sunka daɗe ba aiki, da naƙasassu, da ƴan gudun hijira. Sai ta tura mutum wurin ɗaya daga cikin ƴan ƙungiya: ko magini, ko mai kampanin shara, ko mai manyan motoci. Wasu kwanaki shina wurin aiki, wasu kwanaki shina makarantar sana'a. Yawanci abin na ɗaukar wata 6 zuwa shekara 2. Mai kampani shina biyan ƙungiya kuɗɗin awoyin da anka yi mashi aiki. Ƙungiya ba riba take nema ba.

Mutum biyu ke rakiyar ma'aikacin. Guda wurin aiki yake, tsohon hannu ne, shi ke koya mashi sana'a. Guda daga ƙungiya yake zuwa, shi ke kula da abin da ke bayan aiki: wurin kwana, abin hawa, takardu, lafiya. Don sau da yawa ba aikin ke kada mutum ba. Damuwar da ya baro gida ce.

Abu biyu sun fi burge ni cikin wanga tsari. Na farko, in ma'aikaci da mai kampani ba su jitu ba, ƙungiya tana iya maida shi wurin wani ɗan ƙungiya. Ka ga tsoron ranar kora ya ragu ke nan. Na biyu, doka ta ɗora ma ƴan ƙungiya nauyin albashin ma'aikata su duka. In kuɗɗi sun gaza, ba a barin ma'aikaci hannu wofi. A 2014 doka ta tabbatar da waɗanga ƙungiyoyi da sunansu. Cikin ƴan shekarun nan sun kai wajen 200, da dubban kampanoni cikinsu.

Amma mu faɗi gaskiya. Can gwamnati tana zuba kuɗɗi cikin rakiya, kuma akwai asusun da ke biyan makarantar sana'a. Mu ba za mu iya ɗauko abin dukanshi mu dasa a Tawa ko Tasawa ba. Abin da za mu ɗauka dabara ce: ƙungiya ta tsaya tsakanin mai gida da mai rauni, ta ɗauki tsoron wanga, ta ɗauki tsoron wancan.

Mu ma muna da abin farawa

Ƙungiyar sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai sarkin maƙera, da sarkin pawa, da sarkin aska, da sarkin magina. Yau ga sandikar ƴan mota, ga ƙungiyar teloli, ga ta masu walda, ga ta mata masu tuyar ƙuli-ƙuli. Ɗaya wajen kuma akwai sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, ga kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH. Wancan ya san inda aiki yake. Wanga ya san mutanenshi: wa ke da ƙwazo, wa ke da gaskiya, wa ya taɓa koyon mi. Abin mamaki, da wuya ka gan su bisa tabarma guda, sai ranar rabon zakka. Aikin farko shi ne a shimfiɗa wagga tabarma.

Kafin a zauna, ƙungiya ta ƙidaya aikin da ke hannunta. Magatakarda shi zagaya rumfa-rumfa da littafi. Kada shi tambaya: «Za ka ɗauki gurgu?» Amsa «a'a» ce. Shi tambaya: «Wane aiki ke cinye maka lokaci, wanda kake son wani shi ɗauke maka?» Tela zai ce guga, da sa maɓalli, da kalmasa. Kafinta zai ce gogar katako da shafa fenti. Mai shago zai ce aunawa da ƙullawa cikin leda, da rubuta bashi. In anka tara waɗanga guntaye, za a ga aiki ya fito. Wataƙila rumfa guda ba ta da aikin wuni duka. To, mutum shi yi safiya wurin wanga, marece wurin wancan, kowa shi biya rabonshi.

Sa'an nan a daidaita mutum da aiki. Kurma shina walda, shina sassaƙa, shina gini. Gurgu shina ɗinki, shina gyaran radiyo da salula, shina riƙon lissafi. Makaho shina saƙar kujera da gado, shina ƙulla kaya, shina amsa waya. Mai farfaɗiya shina aiki iri-iri, amma a nisanta shi da wuta, da rijiya, da hawa bisa, da tuƙi, shi kuma riƙe maganinshi. Sai dai a yi hankali da abu guda. Kada a yanke ma mutum sana'a don naƙasarshi, a ce makaho duka igiya, gurgu duka takalmi. A Yamai akwai lakwal ɗin makafi ta Soli Abdurahaman, da ta kurame ta Hasan Bana Ba. Yaran da sunka fito daga irin waɗanga makarantu sun iya karatu da lissafi, wasu sun yi nisa. A tambayi mutum mi shike so, mi ya iya. Shi ne zai tashi da asuba shi je aikin, ba sarkinshi ba.

Wa zai yi rakiya?

Nan ne ƙashin bayan maganar. Mai rakiya ba sai mai babbar takarda ba. Ana neman wanda ya san sana'ar, mai haƙuri, wanda masu gida ke jin kunyarshi. Tsohon tela da ido ya fara gajiya shina iyawa. Tsohon makaniki shina iyawa. Naƙasasshen da ya riga ya kafu cikin sana'a ya fi kowa iyawa, don ya bi hanyar da ƙafarshi ko da kekenshi. In mace ce za ta yi aikin, a nemi mace ta raka ta. Hankalin iyaye ko na miji ya fi kwanciya da haka.

Mu ɗauki misali. An kai wani saurayi kurma wurin mai walda. Satin farko, mai rakiya shina nan kullum. Shina yanka aikin gunduwa-gunduwa: yau awo, gobe yanka, jibi riƙon ƙarfe. Ba shi wucewa ga na biyu sai na farko ya zauna. Shina koya ma mai gida da yaranshi alamun hannu goma ko sha biyar: zo, tsaya, kashe wuta, ya yi, bai yi ba. Shina gaya musu kada a jefi kurma da tsakuwa don a kira shi, a zo gabanshi, ko a taɓa kafaɗarshi in ba shi riƙe da wuta. Sati na uku, mai rakiya shina zuwa sau biyu. Bayan wata 2, sau guda cikin sati. Bayan wata 6, sai gaisuwa. Amma kowa shina da lambar salularshi.

Rakiya ba yi ma mutum aikinshi ba ce. Mai rakiyar da ke karɓe guduma kullum don tausayi, cutar yaron yake yi. Haka kuma rabin aikinshi bisa sauran yaran shago yake. Su ne za su wuni da sabon zuwa. In sunka maida shi abin dariya, ko sunka ware shi wajen cin abinci, ba zai kai wata ba, ko da mai gida shina son shi.

Akwai kuma gyaran wuri, kuma yawanci ba shi da tsada. A rage ƙafar tebur. A zuba ƙasa ko siminti bakin ƙofa don keke shi hau. Inda makaho ke aiki, kowane abu shi samu wurinshi, kada a gusar da shi ba a faɗa ba. A duba makewayi. Mutane ba su son wagga magana, amma gurgun da ba shi iya shiga makewayi ba shi iya wuni wurin aiki.

Ina kuɗɗi za su fito?

Mai rakiya ba zai bar nashi neman ba kyauta har abada. Dole a ba shi wani abu. Mu koma ga alli. A ce teloli 30 ne cikin ƙungiya. Kowa shi zuba dala 100 a sati, wato tamma 500. Tamma 500 sau 30, tamma 15.000 ke nan, jika 15. Cikin sati 4, jika 60. A ba mai rakiya jika 20 ladan wahala. A ware jika 10 na abin hawa. Saura jika 30. Su zauna cikin asusu, don gyaran wuri, da biyan kayan da sabon hannu ya ɓata. Ka ga tambayar nan, «in ya ɓata shadda wa zai biya», ta samu amsa. Wanga lissafi misali ne kurum. Kowace ƙungiya ta auna ƙarfinta.

Wanda ya ce talaka ba shi iya irin wanga tari, shi tambayi mata. A 1991, cikin jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara. Mata ne na karkara, suna zuba ƴan kuɗɗi kaɗan kowane sati cikin akwati, suna ba junansu bashi. Yau tsarin ya bazu cikin ƙasashe da yawa na duniya, kuma daga nan ya tashi. Dokokinsu sun isa koyi: a ƙidaya kuɗɗi gaban kowa, mai riƙon akwati daban, masu riƙon mabuɗi daban.

Maganar albashi

Nan ake zamba, don haka mu tsaya. Wani mai gida, in ya ji ƙungiya za ta kawo mashi mutum, murna zai yi ya samu bawa. Shekara 3, shekara 4, shina cewa yaro koyo yake yi, kuɗɗin koko kaɗai yake ba shi. Wanga ba aiki da rakiya ba ne. Lokacin koyo shi samu iyaka, a faɗe ta tun farko. In ta cika, aikin da mai rauni ya yi a biya shi kamar yadda ake biyan mai lafiya. Riga guda, kuɗɗi guda, ko wa ya ɗinka ta. Ga masu aikin wata cikin kampani, a watan Janairu 2024 anka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi a Nijar daga tamma 30.047 zuwa tamma 42.000. Naƙasa ba ta rage wanga adadi.

Shi ya sa ake son takarda. Ba doguwa ba, shafi guda ya isa. A rubuta sunan ma'aikaci, da aikin da zai yi, da lokacin zuwa da tashi. A rubuta watannin koyo, da abin da za a ba shi cikinsu, da abin da za a ba shi bayansu. A rubuta sunan mai rakiya. Mutum uku su sa hannu: ma'aikaci, mai gida, shugaban ƙungiya. A karanta ta da ƙarfi gaban shaidu. In kurma ne, a fassara mashi da hannu har shi gane. Kowa shi riƙe tashi.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci. Wani mai bara, abin da shike samu ranar Juma'a ya fi abin da ɗan koyo ke samu cikin kwana da yawa. In ka ce shi bar bara yau, da mi iyalinshi za su ci gobe? Kada mai rakiya shi yi fushi in ya gan shi bakin masallaci cikin watannin farko. A ja shi a hankali. Ƙungiya ta ɗan tallafa mashi daga asusu har albashi shi kankama. Kuma ku tuna, bayan makaho mai bara akwai ɗan jagora. Yaro ne ko yarinya da ya kamata a ce suna lakwal. Ranar da uba ya samu wurin zama shina aiki, ranar ce yaron ke aje sanda.

Masu saye su ma sai an yi musu magana

Mai gida shina tsoron masu saye su gudu. Wani sa'in da gaskiyarshi. To, bakin ƙungiya ya fi bakin mutum guda nauyi. In sarkin sana'a ya tashi ya yi magana ranar kasuwa, ana ji. Ga abin da ya kamata kowa shi sani. Kuturta tana warkewa. Maganinta wata 6 ne ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wanda ya kama shan magani ya daina baza ciwon. Yatsun da sunka tafi tabo ne, ba ciwo ba ne. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe shina wanga aiki. Farfaɗiya kuma ba a ɗaukar ta. Ba ta bin miyau, ba ta bin taɓawa. In ta kada mutum, a kawar da abin da zai ji mashi rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kanshi, kada a tura komi cikin bakinshi. In jijjiga ta tsaya, a kwantar da shi bisa gefe. In ta wuce minti 5, a kai shi likita.

In abin bai yi ba fa?

Wani sa'in ba shi yi. Mai gida mai faɗa ne, ko ma'aikaci mai makara ne, ko aikin ne bai dace ba. Mai rauni mutum ne kamar kowa: akwai mai himma, akwai malalaci. Kada mai gida shi yi kora shi kaɗai, kada ma'aikaci shi ɗauke ƙafa shiru. A kira mai rakiya. Shi ji wanga, shi ji wancan. In gyara na yiwuwa, a gyara. In ba ta yiwuwa, ƙungiya ta nemi wata rumfa. Rashin dacewa wuri guda ba shi nufin mutum ba shi iya aiki. Kuma kada a fara da mutum 20. A fara da 2 ko 3, a riƙe su da kyau. Sauran masu gida ido sunka zuba, abin da sunka gani shi za su bi.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Ƙungiyar da ke da takardar izini, da sunayen mutanenta a rubuce, da littafin asusu, ta fi samun shiga buro. Akwai ANPE, hukumar da ke rubuta masu neman aiki tana haɗa su da masu ɗauka. Akwai FAFPA, asusun da ke tallafa ma koyon sana'a. Akwai CMANI, majalisar masu sana'ar hannu, da CCIN, majalisar ƴan kasuwa da masu masana'antu. Ita CCIN, manyan kampanoni na cikinta, waɗanda kashi 5 cikin 100 ya hau kansu. Wani mai kampani zai ce ya nemi naƙasasshen da ya iya aiki bai samu ba. Ƙungiyar da ta riga ta horar da mutum shekara guda tana iya kai mashi shi, da shaida, da mai rakiya.

Kada a manta da magajin gari. In za a yi ma lakwal tebura, ko za a ɗinka kayan ma'aikata, ƙungiya ta je ta nemi aikin. Ta nuna takardun masu raunin da ta ɗauka, ta roƙi a duba wanga wajen zaɓe. Kada a je hannu wofi ana cewa a taimake mu. A je da littafi: ga mutum 3, ga inda suke aiki, ga abin da munka tara, ga abin da ya rage mana.

Ku da ke saurare tare, ku tattauna waɗanga tambayoyi bayan hira. Ƙungiyar sana'a nawa ke garinku? Wace ce ke da asusu? Wa kuke gani zai iya rakiya? Ku rubuta amsa, ku ba malaminku shi aiko mana. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.